Inuwar Mace a Labarin Maza Biyu: Rabon Matsayi a Zanen Soyayya na Japan

A cikin ɗimbin nau'o'in labaran zane da ake bugawa a ƙasar Japan, waɗanda Japanawa ke kira manga, akwai wani reshe da ya keɓanta da soyayya tsakanin namiji da namiji, kuma abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai game da shi shi ne cewa mafi yawan masu zana shi mata ne, mafi yawan masu sayensa mata ne, sannan tun asalinsa domin mata aka ƙirƙire shi. Sunan da ya fi yaɗuwa a kansa a yau shi ne BL, wato haruffan farko na wasu kalmomin Ingilishi guda biyu da Japanawa suka ara suka haɗa da kansu, masu nufin soyayyar samari, amma kafin wannan suna ya kafu an kira shi shonen-ai, an kira shi June, an kuma kira shi yaoi, kowane suna da zamaninsa da irin masu karatunsa. Ba ƙaramar sana'a ba ce, domin cibiyar binciken kasuwanni ta Yano ta ƙiyasta cewa a wajejen shekarar 2010 kuɗin da ke juyawa a wannan fanni ya haura yen biliyan 20 a shekara, kuma a unguwar Ikebukuro ta birnin Tokyo akwai layin da ake kira Otome Road, wato titin 'yan mata, inda kantunan irin waɗannan littattafai suka yi cincirindo.

Abin da ya sa masana adabi da na zamantakewa suka daɗe suna nazarin wannan reshe ba yawan kuɗinsa ba ne, sai wani saɓani da ke cikin ƙashin bayansa. Matan da suka ƙirƙire shi sun cire mace daga tsakiyar labarin soyayya ne domin su huta da takunkumin da al'adarsu ta ɗora wa mace, amma da aka yi shekaru ana bugawa sai ga shi ɗaya daga cikin mazan biyu ya zama mai girki, mai kunya, mai kuka, mai jira a neme shi, ɗayan kuma ya zama mai kuɗi, mai iko, mai yanke hukunci, har ta kai ga an sanya wa kowane matsayi suna, an kuma gina kasuwa gaba ɗaya a kan wannan rabo. Ke nan an gudu ba a tsira ba, sai dai yadda tsirar ta gagara shi ne ya fi komai bayyana abin da al'ummar Japan ke nufi idan ta ce mace, da abin da take nufi idan ta ce namiji.

Har zuwa shekarun 1960 maza ne suka fi zana labaran da ake bugawa a mujallun 'yan mata, kuma jigoginsu ba su cika wuce marainiya mai neman uwarta ko yarinya mai koyon rawar bale ba. A farkon shekarun 1970 ne wasu matasan mata suka karɓe fagen, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da Ƙungiyar Shekara ta 24, saboda an haifi yawancinsu a wajejen shekara ta 24 ta mulkin Sarki Hirohito, wadda ta yi daidai da 1949. Fitattu biyu daga cikinsu, Moto Hagio da Keiko Takemiya, sun zauna a gida ɗaya a unguwar Oizumi ta Tokyo a farkon wancan zamani, inda ƙawarsu Norie Masuyama ta haɗa su da littattafan marubucin Jamusanci Hermann Hesse da finafinan Turai da ke magana kan shaƙuwar ɗalibai a makarantun kwana. A shekarar 1970 Takemiya ta wallafa gajeren labarin da aka fi sani da Sanrumu Nite, wanda ake ɗauka a matsayin na farko a wannan fanni, Hagio ta biyo baya da Toma no Shinzo a 1974, labarin da ta ajiye a wata makarantar kwana ta Jamus, sannan Takemiya ta fara dogon aikinta Kaze to Ki no Uta a 1976, wanda ya wakana a Faransa ta ƙarni na 19, ta kuma ci gaba da shi har 1984.

Hagio ta taɓa bayyana cewa ta gwada tsara ɗaya daga cikin labaranta na farko da 'yan mata a matsayin taurari, amma ta ga abin ya yi mata ƙunci, kuma sai da ta mai da su maza ne alƙalaminta ya sake. Wannan bayani nata shi ne mabuɗin fahimtar fannin baki ɗaya, domin a Japan ta wancan lokaci tarbiyyar 'ya mace tana tafiya ne a kan taken ryosai kenbo, wato mace tagari kuma uwa mai hikima, taken da gwamnatin zamanin Meiji ta yaɗa tun ƙarshen ƙarni na 19. Kamfanoni na ɗaukar 'yan mata aiki da tsammanin za su ajiye da zarar sun yi aure, dokar ba da dama daidai wajen ɗaukar ma'aikata ba ta zo ba sai 1985, kuma akwai zolayar da ake yi wa budurwar da ta wuce shekara 25 ba ta yi aure ba, ana kwatanta ta da kek ɗin Kirsimeti da ba mai saye bayan ranar 25 ga wata. Duk marubuciyar da ta zana yarinya tana soyayya dole ta ɗauko mata wannan kaya gaba ɗaya, wato tsoron ɓacin suna da tsoron ciki da batun surukai da barin aiki, alhali idan ta zana abin da ake kira bishonen, wato kyakkyawan saurayi mai siririn jiki da dogon gashi da manyan idanu, ta sami tauraron da ke da taushin mace amma yake da 'yancin namiji. Masaniya Yukari Fujimoto, wadda ta yi rubutu mai tasiri kan zanen 'yan mata a 1998, ta nuna cewa wannan dabara ta ba mai karatu damar komawa gefe ta zama mai kallo, bayan ta saba a kullum ita ce abin kallo. Mai karatun da ya san yadda marubuta mata na Kano suka ɗauki littattafan soyayya tun shekarun 1980 suka mai da su dandalin tattauna kishi da auren dole da saki zai gane irin wannan buƙata ta neman inda za a yi magana, ko da yake jigon da Japanawan suka zaɓa abu ne da addini da doka suka haramta a ƙasar Hausa, don haka kamannin ba su wuce nan ba.

Sau da yawa ana danganta wannan adabi da tsohuwar al'adar nanshoku, wato alaƙar maza da maza da aka sani a tsakanin mayaƙan samurai da limaman Buddha, wadda Ihara Saikaku ya tattara labarai 40 a kanta a littafinsa na 1687. Gaskiya ne a waccan al'ada ma akwai rabon matsayi, amma shekaru ne ke raba shi, kuma ba a ɗaukar ƙaramin a matsayin mace, sannan matan Oizumi Turai suka fi fuskanta ba zamanin Saikaku ba. Gadon da ya fi kusa da su shi ne na dandamali. Tun da aka hana mata fitowa a wasan kabuki a 1629, maza ƙwararru da ake kira onnagata ke taka rawar mata, kuma a ƙungiyar wasan Takarazuka da Ichizo Kobayashi ya kafa a 1913 mata ne zalla, wasu suna koyon zama otokoyaku masu fitowa a maza, wasu kuma musumeyaku masu fitowa a 'yan mata. Al'ummar da ta saba ganin ana koyon mazantaka da matantaka kamar yadda ake koyon sana'a, da tafiyarsu da muryarsu da yadda ake riƙe hannun riga, ba za ta yi mamaki ba idan aka raba waɗannan matsayai biyu tsakanin mutum biyu masu jinsi ɗaya.

Yadda rabon ya yi ƙarfi

A ayyukan farko na shekarun 1970 bambancin taurarin biyu bai yi tsanani ba, domin galibi ana raba su ne da launin gashi da hali, ɗaya mai baƙin gashi mai natsuwa, ɗaya mai farin gashi mai rawar kai, kuma labarin kan ƙare da mutuwa ko rabuwa. Rabon ya yi ƙarfi ne a kasuwar masu zane don sha'awa. A watan Disamba na 1975 aka buɗe taron Comiket da ƙungiyoyin masu zane 32 da mahalarta kusan 700, taron da kafin annobar korona ya kai ga tara sama da mutum rabin miliyan a zama ɗaya, kuma a nan ake sayar da dojinshi, wato littattafan da mutum ya zana ya buga da kuɗinsa ba tare da edita ba. A ƙarshen shekarun 1970, a cikin da'irar masu zane da ta haɗa da Yasuko Sakata da Akiko Hatsu, aka ƙirƙiro kalmar yaoi daga farkon jimloli uku na zolayar kai, yama nashi, ochi nashi, imi nashi, ma'ana ba ƙololuwa, ba kammalawa, ba ma'ana. A 1978 kuma mujallar June ta fara fitowa, wadda sunanta ya zama sunan fannin na tsawon shekaru. Da shekarun 1980 suka kankama sai 'yan mata suka rungumi taurarin labaran samari da suka yi fice, irin su labarin ƙwallon ƙafa Captain Tsubasa, wanda aka sani a ƙasashen Larabawa da Kyaftin Majid, da kuma Saint Seiya, suna ɗaukar abokai ko abokan hamayya suna sake fassara alaƙarsu. Da yake taurarin ba nasu ba ne, kuma kowa ya riga ya san su, abin da ya rage wa mai zane ta yanke shi ne wa zai nemi wa, kuma wannan tambaya ce ta haifi kalmomin da suka mamaye fannin har yau.

Kalmomin su ne seme da uke. Seme ta fito ne daga aikatau semeru, wato kai hari, uke kuma daga ukeru, wato karɓa, kuma dukkansu sanannu ne a wasannin faɗa na gargajiya, inda a judo ake kiran wanda aka kayar da sunan uke. A ma'ana ta kusa suna nuna matsayin kowannensu a shimfiɗa ne kawai, amma a aikace sun zama riguna biyu da ke rufe mutum daga kai har ƙafa. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka shigo da ƙarfi a farkon shekarun 1990, musamman bayan kamfanin Biblos ya fara mujallar Be x Boy a 1993, rabon ya zama ƙa'idar sana'a da mai karatu ke ganewa tun daga bango, inda za a ga ɗaya dogo ne mai faɗin kafaɗa da ƙananan idanu da dogon haɓa da manyan hannaye, ya rungumo ɗayan daga baya, shi kuwa na gaban gajere ne mai zagayayyar fuska da manyan idanu, an ja masa 'yan layuka a kumatu alamar kunya. Hatta harshe yakan bi wannan rabo, domin Japananci yana da kalmomi da dama na cewa ni, kuma sau da yawa akan ba na farkon ore mai kaushi ko watashi ta manyan ma'aikata, a bar wa na biyun boku mai laushi. Wajen rubuta sunayensu ma akwai doka, ana fara sa na seme, a sa alamar sau, sannan na uke, kuma juya wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne a wurin masoya, har akan kira haɗin da mutum ba ya so da jirai, wato nakiyar da aka binne a ƙasa, wadda mai karatu ke gudun takawa ba shiri.

Misali na kusa shi ne Junjo Romantica na Shungiku Nakamura, wanda aka fara bugawa a 2002, aka kuma mai da shi fim ɗin zane na talabijin a 2008. Akihiko Usami shahararren marubuci ne, ɗan gidan masu arziki, mai zaune a katafaren gida a saman bene, Misaki Takahashi kuwa ɗalibin jami'a ne da yake ƙasa da shi a komai, domin Usami ya ba shi shekara goma, ya kuma fi shi kuɗi da tsawo da sanin duniya. Misaki yana zaune a gidan Usami, kuma a madadin kuɗin haya shi ke dafa abinci, shi ke shara da wanki, shi ke tsawatawa kan ɓarnar kuɗi, shi ne kuma mai musun cewa yana so alhali fuskarsa ta tona masa asiri. Idan aka mai da Misaki mace, kusan babu abin da zai sauya a tsarin gidan, kuma wannan shi ne ainihin hujjar masu sukar fannin, cewa an ɗauko auren gargajiya na Japan ne aka sake masa fenti, a ƙasar da har yau doka ta wajabta wa ma'aurata sunan dangi ɗaya, kuma a kusan kashi 95 cikin ɗari matar ce ke barin nata.

Akwai wasu ɗabi'u biyu da suka fi wannan nauyi, waɗanda masaniya Akiko Mizoguchi ta yi bayaninsu dalla-dalla a nazarinta na littattafan shekarun 1990. Ta farko ita ce yawan sa tauraro ya nanata cewa shi ba mai neman maza ba ne, wannan mutum ɗaya kawai yake so, wanda a ido ɗaya hanya ce ta ɗaukaka soyayyar ta zama ƙaddara da ta fi ƙarfin ɗabi'a, a ɗaya idon kuma nesanta kai ce daga mutanen da a zahiri suke rayuwa a haka. Ta biyu ita ce nuna tilastawa a matsayin shaidar tsananin so, inda seme ke afka wa uke ba da yardarsa ba, daga baya labarin ya wanke shi da cewa so ne ya rufe masa ido. Masu kare wannan salo suna cewa dabara ce ta cire wa mai karatu laifin sha'awa a al'ummar da ke ganin mace tagari ba ta nema, tunda wanda aka tilasta ba a zarginsa, kuma uke ba ya fita daga labarin a wulaƙance kamar yadda ake yi wa mace a labaran batsa na maza. Bayanin yana da ƙamshin gaskiya wajen nuna daga inda salon ya fito, amma bai wanke shi ba, musamman idan aka tuna cewa dokar fyaɗe ta Japan ba ta ma amince namiji zai iya zama wanda aka zalunta ta wannan hanya ba sai a gyaran 2017. Mata na zahiri kuwa, a yawancin littattafan wancan zamani ko dai babu su, ko kuma su fito a matsayin tsohuwar budurwa mai makirci ko uwa mai matsa wa ɗanta ya yi aure.

Sai dai ba nan gizo ke saƙar kaɗai ba, domin masu karatun ba su zauna sun haɗiye rabon yadda aka miƙa musu ba, wasa suke yi da shi, kuma yawan ƙananan laƙabobin da suka ƙirƙira ya isa shaida. Akwai hetare seme, wato mai nema amma matsoraci, akwai toshishita zeme wanda shi ne ƙarami a shekaru, akwai wanko seme mai bin masoyinsa kamar kwikwiyo. A ɗaya ɓangaren akwai sasoi uke wanda shi ke fara jan hankali, akwai joo-sama uke mai mulki kamar sarauniya, akwai oyaji uke wanda magidanci ne da ya manyanta, sannan akwai riba, inda mutum biyun ke musayar matsayi. A Saezuru Tori wa Habatakanai na Kou Yoneda, wanda aka fara a 2011, uke shi ne shugaba a ƙungiyar 'yan daba ta yakuza, seme kuwa mai gadinsa ne da ke karɓar umarni daga gare shi. Masaniya Yoko Nagakubo, a littafinta na 2005, ta kafa hujja da cewa kowane tauraro haɗi ne na siffofin da ake jingina wa maza da waɗanda ake jingina wa mata, ana cakuɗa su yadda aka ga dama, kuma daɗin karatun yana cikin cakuɗawar. Wannan magana tana da ƙarfi, domin mai karatun da ta ga an raba iko da girki da kunya da ƙarfin hali tsakanin jikuna biyu iri ɗaya, ta koyi cewa waɗannan abubuwa ba da su aka haifi kowa ba. Amma ya kamata a lura cewa seme matsoraci yana ba da dariya ne kawai saboda an san seme da jarumta, don haka kowane laƙabi na bijirewa yana ƙara tabbatar da ma'aunin da ya bijire wa.

Waɗanda aka ari siffarsu

A shekarar 1992 wani ɗan gwagwarmaya mai suna Masaki Sato, wanda shi kansa mai neman maza ne, ya rubuta zazzafar suka a wata 'yar mujallar masu rajin 'yancin mata mai suna Choisir, inda ya zargi masu yaoi da mai da irinsa abin kallo, kamar yadda dattawan banza ke yi wa hotunan mata, ya kuma ce suna cusa wa matasa tunanin cewa sai kyakkyawa ne ya cancanci a so shi. Mata masu karatu sun mayar da martani, wasu suka ce taurarin ba su da alaƙa da mazan zahiri, ƙirƙira ce ta mata domin mata, wasu kuma suka amsa cewa sukar ta taɓa su, kuma musayar ta ɗauki shekaru har ta sami suna yaoi ronso, wato muhawarar yaoi. Daga baya masani Hitoshi Ishida ya nuna raunin amsar farko, domin ba zai yiwu a ari sunan mutane da wahalarsu a gina labari, sannan idan sun yi magana a ce musu ba da su ake ba.

Su mazan suna da nasu adabin zanen, wanda ya taso a mujallu irin su Barazoku da Bungaku Ito ya kafa a 1971, da G-men da aka fara a 1995, kuma sunan da ake kiransa a Japan shi ne gei komi, ko da yake a ƙasashen waje an fi ce masa bara. A nan jiki ya sha bamban, domin taurarin Gengoroh Tagame, wanda ya fi kowa shahara a fannin, ƙarti ne masu gashin ƙirji da gemu da kauri, kuma kalmomin da ake amfani da su a zahiri su ne tachi da neko, waɗanda ba sa faɗin wa ke girki ko wa ke biyan haya. Ba a ce wannan adabi ya kuɓuta daga tsohon tunani ba, domin yana da nasa son zuciyar, wato ɗaukaka mazantaka mai kauri da kawar da kai daga duk namijin da ke da laushi, amma kwatanta su biyun yana nuna cewa abin da BL ke nema a jikin uke ba namiji ba ne, kujerar zaman mai karatu ce.

Tun daga farkon ƙarnin nan wani ɓangare na fannin ya fara sauyawa, abin da Mizoguchi ta kira ci gaban BL a littafinta na 2015. Fumi Yoshinaga, wadda ta fito daga duniyar dojinshi, ta fara Kino Nani Tabeta, wato me ka ci jiya, a 2007, ba ma a mujallar BL ba, a mujallar Morning ta kamfanin Kodansha da magidanta ke karantawa a jirgin ƙasa. Taurarinta sun haura shekara 40. Shiro Kakei lauya ne mai tsumulmula wanda ke tashi daga ofis da wuri domin ya riski rangwamen madara da kayan miya a kanti, ya dawo ya tsaya a madafa yana lissafin abin da ya rage a kasafin abincin wata, Kenji Yabuki kuwa mai gyaran gashi ne mai sakin fuska da sakin hannu. Wanda ya fi kama da maigida a sutura da sana'a shi ne mai girki, shi ne kuma mai ɓoye rayuwarsa ga abokan aiki, mai laushin maganar kuma shi ne wanda ba ya tsoron kowa ya sani, kuma matsalolinsu su ne tsufan iyaye da wasiyya da gado da hawan jini. Shi ma Tagame ya ajiye salonsa ya zana Ototo no Otto tsakanin 2014 da 2017 domin jama'a baki ɗaya, har tashar NHK ta mai da shi wasan kwaikwayo a 2018. Waɗannan ayyuka sun zo daidai da lokacin da gundumomin Shibuya da Setagaya suka fara ba da takardar shaidar zaman tare a 2015, da kuma hukuncin kotun Sapporo na 2021 kan rashin amincewa da auren jinsi ɗaya, a ƙasar da wasu masu irin wannan zama suka daɗe suna bin hanyar ɗaukar ɗa, babban ya yi rajistar ƙaramin a matsayin ɗansa domin su zama dangi a idon doka.

A daidai wannan lokaci kuma wani salo ya shigo da ya ja akalar ta koma baya, ko kuma ya tona abin da aka daɗe ana rufewa, gwargwadon yadda mutum ya kalle shi. Ana kiransa omegabasu, ya samo asali ne daga rubuce-rubucen masoya finafinan Amurka a intanet, ya kuma shiga kasuwar Japan a wajejen 2015. A duniyarsa ana haifar mutane cikin rukuni uku, alfa masu mulki, beta talakawan tsaka-tsaki, da omega waɗanda ko maza ne suna iya ɗaukar ciki, ana hana su manyan ayyuka saboda yanayin jikinsu, suna shan magani don su ɓoye halinsu a ofis, ana kuma ɗora musu laifin duk abin da aka yi musu. Cikin da matan Oizumi suka gudu daga gare shi a 1970 ya dawo ke nan a jikin namiji, tare da wariyar wurin aiki da zargin wanda aka zalunta, a ƙasar da ta zo ta 125 cikin 146 a ma'aunin daidaiton jinsi na Dandalin Tattalin Arzikin Duniya a 2023. Wasu marubutan suna amfani da salon wajen yi wa wannan wariya hannunka mai sanda, wasu kuma suna mai da ita ƙaddarar halitta da so kaɗai ke sassautawa, kuma ana sayar da nau'in biyu a kan kanta ɗaya.

Su masu karatun sun karɓi sunan fujoshi, wato ruɓaɓɓun 'yan mata, wanda aka fara jifarsu da shi a dandalin 2channel a farkon shekarun 2000 ta hanyar canza harafi ɗaya a wata tsohuwar kalma mai nufin mata, suka mai da shi abin tinƙaho, kuma an sami maza masu karatu da ake kira fudanshi. A 2008 ɗakunan karatu na birnin Sakai sun kwashe kimanin littattafan BL 5,500 daga kantoci bayan wani ƙorafi, sai da masu rajin 'yancin mata irin su Chizuko Ueno suka sa baki kafin a mai da su. Takemiya ta zama shugabar Jami'ar Kyoto Seika a 2014, Hagio ta sami lambar girmamawa ta masu hidimar al'adu a 2019, fannin kuma ya haifi 'ya'ya a Tailan da Sin da Koriya ta Kudu, kowannensu da kalmominsa na mai nema da wanda ake nema. A Japan kanta, shafin Chil Chil da ke tattara sharhin masu karatu yana kuma ba da kyautar shekara-shekara har yanzu yana jera kowane sabon littafi da gurbi biyu, na seme da na uke, a ƙarƙashin kowanne an rubuta sana'arsa da halinsa, domin mai saye ta tace abin da take so kafin ta buɗe shafin farko.